Kaka a kwarin Gulbin Maraɗi: yadda Anna suke rufe shekara su sauke nauyin zuciya

Daga ƙarshen watan Satumba zuwa Nuwamba, duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Tibiri ko ya gangara Jiratawa zai yi ta cin karo da amalanken shanu shaƙe da damman hatsi. Farashin tiya ya sauko a kasuwa, ana ɗaure-ɗauren aure, samari sun fara kokowa a dandali. Amma kaka ita ce kuma lokacin da mai bashi yake sallama a ƙofar gida, lokacin da magidanci yake tsayawa gaban rumbu ya ƙirga watannin da hatsinsa zai kai, ya ga lissafin bai cika ba. Mutanen da suka riga mu zama a wannan kwari sun san fuskokin nan biyu na kaka, kuma sun tanadar mata al'adu na musamman. Yawancinsu sun ɓace ko sun koma ɓoye. Sanin yadda suke da aikin da suka yi wa mutane zai taimaka mu gane giɓin da suka bari.

Su wane ne Anna?

A yau kalmar "arne" zagi ce a bakin jama'a. A tsohon amfanin mutanen Maraɗi da Gobir kuwa, Anna (wasu wurare a ce Azna ko Arna) su ne manoman da ke riƙe da addinin gargajiya, waɗanda ake ɗauka a matsayin masu ƙasa na asali. Sarakunan Katsina da jihadi ya fitar daga birninsu sun zo sun kafa mulki a Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri a 1836 bayan yaƙin Gawakuke. Dukansu Musulmi ne, kuma dukansu sun tarar da Anna a ƙauyukan gulbi suka zauna da su bisa yarjejeniya: sarki yana da mulki, Anna suna da hulɗa da iskokin ƙasa. Shi ya sa fadar Gobir take da sarautar Sarkin Anna, fadar Maraɗi kuma take da Durbi cikin masu zaɓen sarki.

Masanin nan na Faransa, Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a wannan kwari kuma ya wallafa babban littafinsa a 1975, ya bayyana cewa kowace zuriyar Anna tana da abin da take kira gado. Wasu gadonsu noma ne, wasu farauta, wasu ƙira, wasu ruwa da kamun kifi. Gadon ya haɗa sana'a da magunguna da iskokin da zuriyar ke yi wa yanka. Sunayen da suka fi fitowa a harkar noma su ne Uwar Gona, da Kure, da Doguwa, wadda ake rabawa fara da baƙa. Kowanne da launin dabbar da yake karɓa: ja, ko fari, ko baƙi.

Matakan rufe shekara

A wurin Anna, shuka alkawari ce. Kafin damina mai gida yakan yi yanka a wurin tsafin gidansu ya roƙi ruwa da lafiya. Idan kaka ta yi sai ya koma ya biya, da yanka da giyar sabon hatsi, dangi suna tsaye. Alkawari kaya ne, in ji Hausawa, kuma wannan shi ne matakin farko na sauke shi. Ko shekara ta yi kyau ko ba ta yi ba, akwai ranar da gida duka zai taru a ce damina ta wuce, ga abin da ta bayar.

Mataki na biyu ya shafi rumbu. Gonakin gida iri biyu ne: gandu, wanda kowa ke nomawa tare ƙarƙashin mai gida, da gamana, wato 'yar gonar da aka yanka wa mace ko saurayi. Bayan girbi ana raba wani kaso na hatsin gandu, sauran a zuba a rumbu a rufe, ba a buɗewa sai aikin damina mai zuwa ya kama. Da rani kowa yana rayuwa da abin da ya samu a gamanarsa ko a sana'arsa. Rufe rumbu lissafi ne da ake yi a gaban kowa. Matar gida ta san abin da ke ciki, ƙane ya sani, babu mai kwana da zargin an ɓoye masa wani abu, kuma mai gida ba ya ɗauke da damuwar ƙarancin shi kaɗai.

Akwai kuma bikin dubu. Manomin da ya girbe dami dubu ba ya tara su ya yi shiru. Al'ada ta ɗora masa ya kira taro, ya ciyar da jama'a, ya yi kyauta har sai dukiyar ta ragu sosai, sannan a naɗa shi Sarkin Noma. An ɗauka cewa irin wannan albarka ba ƙarfin damtse kaɗai ya kawo ta ba, kuma riƙe ta duka yana da haɗari ga mai ita. Ko mutum bai yarda da wannan fassara ba, zai ga amfaninta: hatsin ya koma gidajen da ba su samu ba, hassadar da ke taruwa a kan mai yawa ta huce, shi kuma ya sami suna maimakon ƙiyayya.

Mataki na ƙarshe shi ne buɗin daji, wanda ake yi bayan an gama kwashe amfanin gona, kafin a fara farautar gayya. Masu gadon daji da mafarauta suna fita su yi yanka, a duba yadda shekara mai zuwa za ta kasance, ruwa ko fari, cuta ko lafiya, a sanar da jama'a. Irin wannan taro ya fi shahara yanzu a Massalata kusa da Birnin Konni, inda har yau mutane ke zuwa daga nesa. Da an buɗe daji, tsohuwar shekara ta rufu ke nan.

Bori da ciwon da ba a gani

Abin da ya gabata na gida ne da gari. To, mutum ɗaya fa, wanda damina ta wuce ta bar shi da ciwo a zuci? Damina lokacin zazzaɓin sauro ce da ƙarancin abinci, lokacin da ake yawan binne yara. Mace takan rasa ɗa a watan Agusta, kwana kaɗan ta koma gona, domin ciyawa ba ta jiran makoki. Tarbiyyar Bahaushe kuma ta haƙuri ce da kunya, har akan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sai kaka ta yi, aiki ya lafa, abin da aka danne ya taso: rashin barci, rama, yawan kuka, ciwon da ke yawo a jiki ba a san kansa ba.

A nan ne bori yake shigowa. Jacqueline Monfouga-Nicolas, wadda ta wallafa bincikenta kan borin kwarin Maraɗi a 1972, ta nuna cewa mafi yawan masu shiga mata ne, kuma ƙofar shiga ciwo ce. Idan an yi magani an gaji, sai a ce iska ce ke neman mutum. Akan yi masa girka: a keɓe shi kwanaki a hannun manyan 'yan bori, ana ba shi jiƙo da turare, ana masa kiɗan goge da ƙwarya, har a gano iskar a san sunanta da abin da take so. Manufar girka sulhu ce. Ba a korar iskar, ana koya wa mutum zama da ita, ya zama dokinta ko goɗiyarta. Da yake girka tana cin kuɗi da hatsi da dabbobi, bayan girbi aka fi yin ta, kuma a lokacin ne 'yan bori ke shirya wasanninsu na biyan alkawari.

Wannan harka tana da jagora a cikin fada kanta: Iya a Maraɗi, Inna a Tibiri, dukansu mata ne daga gidan sarauta. Matar da duniya ta yi wa zafi tana da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.

Mai karatu yana iya ƙin yarda da iskokin bori, kuma malamai sun daɗe da bayyana hukuncin yanka ga wanin Allah. Amma idan aka dubi tsarin da idon mai nazarin halayyar ɗan Adam, za a ga abubuwan da likitocin ƙwaƙwalwa ke nema a yau. An ba ciwon suna, an ɗauke laifi daga kan mara lafiya, an ba shi hutu daga aikin gida, dangi sun kashe dukiya dominsa a bainar jama'a, sannan ya fito da sababbin 'yan'uwa da suka taɓa shiga irin halinsa. Tsarin yana da nasa aibi. Akwai masu cutar farfaɗiya ko taɓin hankali mai tsanani da aka ɓata wa lokaci, akwai gidajen da suka talauce wajen biyan buƙatun iska.

Abin da ya sauya

Abubuwa da dama suka haɗu suka raunana waɗannan al'adu. Noman gyaɗa da harajin zamanin Turawa sun shigo da kuɗi cikin gandu, kowa ya fara neman nasa. Ambaliyar 1945 ta rushe tsohon garin Maraɗi, aka hau tudu aka gina sabon birni na 'yan kasuwa da alhazai. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun tarwatsa gidaje da yawa. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka tsuke, dajin da ake buɗewa ya zama gona. Wanda ke noma kadada ɗaya ba ya mafarkin dami dubu. A Jiratawa, noman rani na fadamar da aka gyara a farkon shekarun 1980 ya sa aiki ba ya tsayawa da kaka balle a ce an rufe shekara.

Ta fuskar addini, ilimin Musulunci ya bazu har ƙauyukan da a da Anna ne zalla, kuma wa'azin Izala ya yi ƙarfi a Maraɗi tun daga shekarun 1980. A tarzomar watan Nuwamba 2000, wadda ta tashi kan bikin nuna tufafi na FIMA, gidan Iya yana cikin wuraren da aka afka wa a Maraɗi. Bori bai mutu ba, amma ya koma bayan danga, kuma mai zuwa ba ya so a gan shi.

Turawa sun koma nema

Abin lura shi ne, a daidai lokacin da muke barin namu, wasu a Ingila da Amurka suna ƙirƙiro nasu. Addinin Wicca ya fito fili a Ingila a 1954 ta hannun Gerald Gardner, shekara uku bayan soke dokar hana maita. Mabiyansa suna da bukukuwa takwas a shekara, uku daga ciki na girbi ne: Lammas ranar 1 ga Agusta, Mabon wajen 22 ga Satumba lokacin da dare da rana ke daidaita, da Samhain ranar 31 ga Oktoba, wanda suke tuna mamatansu a cikinsa. Galibinsu mutanen birni ne da ba su taɓa riƙe hauya ba. Girbi a wurinsu misali ne: mutum ya kunna kyandir, ya rubuta abin da ya samu a shekara da abin da yake so ya rabu da shi, wani lokaci ya ƙone takardar. Bambancin a fili yake. Nasu sau da yawa mutum ɗaya ne a ɗakinsa, na Anna kuwa hatsi ne na gaske da yunwa ta gaske, kuma ba a yin sa sai da dangi. Abin da ya haɗa su shi ne buƙatar a tsaya sau ɗaya a shekara a yi lissafi, a yi godiya, a yi bankwana da abin da aka rasa.

Abin da ya rage mana

Ba komai ne ya tafi ba. Zakkar hatsi tana nan: dami ɗaya cikin goma ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga wanda ya shayar da wahala, idan amfanin ya kai nisabi. Ana kai wa malami da maraya da gwauruwa rabonsu, ana sadakar sabon hatsi don iyayen da suka rasu. Kokowar kaka ta zama wasan ƙasa tun 1975, shekarar da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko a Tawa. Ɓangaren godiya da rabo da nishaɗi ya sami sababbin gidaje.

Ɓangaren da bai sami gida ba shi ne na wanda kaka ta zo masa da baƙin ciki. Manomin da ya ci bashin tiya a watan Yuli ya biya ninki a Oktoba yakan ɗaure jakarsa ya tafi cin rani Najeriya ko Agadas ko Libiya, ba tare da an zauna da shi an yi lissafi ba. Matarsa ta rage da yara da rumbun da ba zai kai azumi ba. Waɗanda suka ga shekarar 2005, lokacin da cibiyoyin kula da yara masu tamowa suka cika a Maraɗi, sun san iyaye mata nawa suka koma gida da zane babu goyo, kuma babu wanda ya tambaye su yadda suke kwana. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a Nijar, yawancinsu kuma suna manyan birane.

Babu mai cewa a koma wurin tsafi. Amma limamin da ke tunatar da zakka a huɗubar kaka yana iya tunatar da ziyarar gidajen da suka yi rashi da damina. Ƙungiyoyin mata na asusu da adashi, waɗanda ke haɗuwa kowane mako a unguwannin Maraɗi da ƙauyukan Tibiri, sun riga sun zama wurin da ake faɗin damuwa, kuma ma'aikatan lafiya za su iya koya musu gane alamun da ke buƙatar a kai mutum likita. Mai gida kuma, ranar da zai rufe rumbu, yana iya kiran matansa da manyan 'ya'yansa ya faɗa musu adadin damman da aka samu da bashin da ke kansa, kamar yadda kakansa yake yi.