Zaman Masu Son Barin Maye: Abin da Anka, Gummi da Bukkuyum Ke Buƙata

Tun da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau a Oktoban 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, aka rufe gidajen giya a Zamfara. Dokar ta ɗauke kwalba daga idon jama'a, amma ba ta cire jaraba daga jikin wanda ya riga ya kamu ba. Mai sha ya koma sha a ɓoye, wasu kuma suka rungumi wiwi, sholisho, tiramol da kodin. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, ban da giya da taba, kuma kimanin miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma suke. Ba dalilin da zai sa a ce Anka, Gummi da Bukkuyum sun tsira, ga ramukan zinariya masu cin ƙarfin samari, ga 'yan bindiga da suka raba dubban mutane da gonakinsu.

To, magidancin da ya farka da asuba hannunsa na rawa, har ya kasa riƙe buta, ya ce yau ya gaji, wa zai dosa? Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Kware a jihar Sakkwato, ga nisa, ga kuɗin mota. Gidan mari kuwa, duk wanda ya ga mutanen da aka fito da su daga Rigasa a Kaduna da Daura a 2019, da sarƙa a ƙafa da tabo a baya, ya san azaba ba magani ba ce. Akwai hanya ta uku da ba ta cin ko sisi: waɗanda suka ɗanɗana wannan masifa su riƙa zama tare suna riƙe juna. A 1935 aka fara wannan a garin Akron na Amurka, lokacin da mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka lura cewa hira da wanda ya san ciwon tana hana su komawa. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali, a 1953 kuma aka kafa takwararta ta masu shan ƙwaya. Tsarin mai sauƙi ne. Ana haɗuwa a kai a kai, kowa ya faɗi halin da yake ciki ba a katse shi, ba a yi masa gori, sabon zuwa kuma a haɗa shi da wanda ya daɗe da bari, wanda zai iya kira ko da tsakar dare in jarabar ta motsa. A 2020 masanan cibiyar Cochrane sun tattara bincike 27 da ya shafi mutum sama da 10,000, suka ga wannan hanya tana kamo sauran hanyoyin jinya wajen barin giya gaba ɗaya, sau da yawa ma ta zarce su.

Wani zai ce abin Turawa ne, tushensa ma na Kirista. Gaskiya ne a can aka fara, amma Musulmi a Baltimore sun kafa Millati Islami a 1989 a kan wannan tsari da koyarwar Alƙur'ani, Iran kuma tana cikin ƙasashen da irin wannan zama ya fi yawa a duniya. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na tona asiri, domin addini ya hore mu da suturta laifi, haddin giya kuma a mazhabar Malikiyya bulala 80 ne. Wannan tsoro na gaske ne, ban raina shi ba. Sai dai mai alfahari da saɓo daban, mai neman a kama masa hannu ya tuba daban, kuma Buhari ya ruwaito yadda Annabi (SAW) ya hana a la'anci wani sahabi da aka sha kawo shi saboda giya. Shi ya sa sharaɗin farko shi ne abin da aka faɗa a zaure ya tsaya a zaure: ba rajista, ba hoto, ba kai rahoto. In Hisba ko hukumar NDLEA ta mayar da wurin tarko, babu wanda zai sake takawa.

Zaman ba ya maye gurbin likita. Wanda ya daɗe yana shan giya da yawa, in ya yanke ta farat ɗaya, zai iya faɗuwa da jijjiga ko ruɗewa har ya rasa ransa, don haka ya fara da asibiti.

Mai neman irin wannan zama ya soma da tambayar ma'aikacin lafiya ko limamin da ya amince da shi. In ba a samu ba, mutum uku da tabarma bayan sallar isha'i sun isa a fara, mata kuma a ware musu nasu a cikin gida. Masu martaba sarakunan Anka, Gummi da Bukkuyum, tare da malamanmu, ku ba da zaure, ku kuma ba da tabbacin cewa wanda ya zo neman tsira ba za a kama shi a ƙofa ba.