Kowa Ya Ci Gasasshiyar Kaza Ya Ci Itace

Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. To, a wannan zamani sai mu ƙara da cewa kowa ya ci gasasshiyar kaza ya ci itace, ko ya sani ko bai sani ba. Matafiyin da ya bi hanyar motar da ta tashi daga Lafiya ta nufi Shendam, in magariba ta riske shi a Assakio, garin Alago da ke gabas da Lafiya cikin Jihar Nasarawa, zai tarar da abin da ake tararwa a kowane zango na ƙasar nan, wato masu tsire da masu gasa kaji sun hura wuta a bakin hanya, ƙanshin yaji yana kiran mutum tun daga nesa. Mai saye ba ya tambayar inda gawayin ya fito, ko irin hayaƙin da ya bugi naman. Amma waɗannan tambayoyi biyu su ne maƙasudin wannan bayani, domin ɗaya ta shafi dajinmu, ɗaya kuwa ta shafi lafiyar jikinmu.

SANA'A MAI ASALI

Sarrafa nama da wuta ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Mahauta, a ƙarƙashin Sarkin Pawa, sun daɗe da rarrabe hanyoyinsa. Akwai tsire, wanda akan soke a tsinke a kafa gefen wuta a tukuba. Akwai balangu, wanda akan ɗora bisa waya. Akwai banda, wato a bar nama ko kifi a kan wuta marar ƙarfi hayaƙi ya yi ta ratsa shi har ya bushe, ya yi makonni bai lalace ba. Sa'an nan ga kilishi, wanda akan shanya, a tsoma cikin labu, a sake shanyawa, kana a nuna masa wuta. Shi labun nan tunkuza ce da barkono da citta da kanumfari da masoro da albasa, waɗansu kuma sukan ƙara dabino ko zuma ko sukari. Ashe ke nan haɗa zaƙi da yaji a kan nama, wanda Turawa ke yayi yanzu, tsohon ilmi ne a wurinmu.

Kajin gida, masu yawon kiwo a bayan ɗaki, ba su da girma, namansu kuma da tauri, saboda haka wuta mai ƙarfi takan ƙona bayansu ta bar cikin ɗanye. Gwanayen gashi sun san haka, shi ya sa sukan tsaga kazar ta baya su baje ta, su janye ta gefen garwashi, su yi ta juyawa da haƙuri.

MURHUN BATURE

Wannan haƙurin ne wani Ba'amurke ya ɗora wa inji. Bayan tsadar man fetur ta 1973 mutanen Amurka sun koma neman makamashi mai araha don ɗumama gidaje, sai aka fara matse garin katako ana mai da shi 'yan ƙwayoyi masu kauri kamar fensir. A 1985 Joe Traeger, mutumin Jihar Oregon, ya ƙera murhun gashi mai cin waɗannan ƙwayoyi, ya kuma sami takardar mallakar fasaharsa. Da wa'adin takardar ya ƙare sai kamfanoni da yawa suka shiga ƙera irinsa.

Ga yadda yake aiki. Akwai akwati a gefe inda ake zuba ƙwayoyin itacen. Wani murɗaɗɗen ƙarfe yana juyawa a hankali yana tura su kaɗan-kaɗan zuwa wani ɗan kasko, inda ƙarfe mai zafin lantarki ke kunna su, fanka kuma tana hura iska. Tsakanin wutar da naman akwai faranti, wanda ke tare harshen wuta ya kuma tare kitsen da ke ɗiga. Mai gashi sai ya murɗa ma'auni ya zaɓi zafin da yake so, ya rufe murfi, injin ya riƙe zafin nan ba ƙari ba ragi.

Ƙananan kajin da suka fi gasawa a cikinsa kuwa wani iri ne da aka samar a Jihar Konetikat wajen 1950, ana yanka su ba su kai mako biyar ba, nauyinsu bai wuce laba biyu ba, wato ƙasa da kilo ɗaya. Sukan jiƙa su a ruwan gishiri, su shafe su da barkono da tafarnuwa da sukari, su bar su cikin hayaƙi a zafin da bai wuce digiri 110 zuwa 120 ba, na kamar awa ɗaya da rabi zuwa awa biyu. Zuma ba a shafa ta sai a kusan ƙarshe, domin zaƙi ba ya jure wuta, in aka yi gaggawa sai ya ƙone ya koma ɗaci. Masana lafiyar abinci sun tsai da cewa kaza ba ta nuna ba sai zafin cikin tsokarta ya kai digiri 74, a nan ne ƙwayoyin cutar da ke haddasa gudawa da zazzaɓi ke mutuwa.

INA AMFANINSA GARE MU?

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu da murhun da ba ya aiki sai da lantarki, ga tsada, ga ƙwayoyin itacensa sai an yi odarsu? Gaskiya ne, mai gasa kaji a Assakio ba zai saye shi ba. Amma akwai darasi biyu a cikinsa waɗanda ba su bukatar lantarki.

Na farko shi ne raba nama da harshen wuta. Likitoci sun tabbatar da cewa idan kitse ya ɗiga a kan garwashi ya tashi da baƙin hayaƙi, hayaƙin nan yana ɗauke da sinadarai waɗanda in suka daɗe suna taruwa a jiki suna iya jawo ciwon daji. Abin ya fi muni in an hura wutar da leda, ko tsohuwar taya, ko katakon da aka shafa wa fenti. Hayaƙin da ke gyara nama shi ne siriri mai haske, wanda busasshen itace mai tauri ke bayarwa. Rabin ganga da murfi, da faranti a ƙarƙashin waya, sun isa su yi wannan aiki, kuma kowane maƙeri a Lafiya yana iya haɗa su. Maƙwabtanmu na Ghana sun riga sun gwada irin wannan gyara, domin a 1969 aka fito da murhun bandar kifi na Chorkor, kusa da Ankara, wanda ke tsare zafi ya rage cin itace, ya kuwa bazu a ƙasashen Afirka da dama.

Na biyu shi ne makamashin kansa. Bature da abin da masassaƙi ya zubar yake gashi, mu kuwa da itace mai rai. Gawayin da masu gashi da maƙera suka fi so shi ne na kirya, saboda yana daɗewa bai zama toka ba, sai na marke da na kaɗanya. A yadda ake ƙona gawayi a ƙauye, a tara itace a rufe da ƙasa, sai an ƙona kilo biyar zuwa goma na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi. Ita kaɗanya kuwa takan yi shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, kuma da ita mata ke samun man kaɗe. Kiryar ma da 'ya'yanta ake yin daddawa a ƙasashen Binuwai. Wanda ya sare su don buhun gawayi ya sayar da abincin shekaru a kan kuɗin kwana ɗaya. Duk wanda ya bi hanyoyin Jihar Nasarawa ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi suna jiran motocin Abuja, ya san inda dajin yake tafiya.

Alhali kuwa ƙasar Lafiya ƙasar shinkafa ce, ɓuntu tsibi-tsibi a bayan injinan casa, garin katako kuma a wurin masu yankan katako, yawanci wuta ake cinna musu don a rabu da su. Ana iya babbake ɓuntun nan, a kwaɓa shi da kokon rogo, a cura, a shanya, ya zama gawayi. Yana da yawan toka, ba ya kuma ba da ƙanshi, amma yana ba da zafi, sai a ɗora ɗan guntun busasshen reshe a kai don ƙanshin. Ta haka itacen da ake ƙonawa sai ya ragu ƙwarai.

KIRA GA HUKUMA DA JAMA'A

Tun da aka cire Jihar Nasarawa daga Jihar Filato ranar 1 ga Oktoba, 1996, Lafiya ta zama babban birni, jama'a suka ƙaru, masu cin gasasshen nama suka ƙaru, bukatar gawayi ita ma ta ƙaru. Hana sana'ar gawayi da baki kawai ba zai yi magani ba, muddin ba a ba mutane abin da zai maye gurbinsa ba. Ya kamata Ma'aikatar Gona da ta Muhalli, tare da Jami'ar Tarayya ta Lafiya, su koya wa matasa curin gawayin ɓuntu, su kuma nuna wa maƙera yadda ake ƙera murhu mai murfi. Sarakunan Pawa su ja kunnen yaransu game da leda da taya. Malaman tsabta su riƙa zagaya tukubobi kamar yadda duba-gari ke yi a da. Mu kuma masu saye mu daina matsa wa mai gashi lamba ya yi sauri, mu tsaga cinyar kazar mu duba, in da jini-jini a gindin ƙashi a mayar da ita wuta. Da ma an ce mai haƙuri yakan dafa dutse, balle budurwar kaza. Allah ya sa mu gane, amin.