Wa Zai Biya Harajin Gida, Mai Gida Ko Ɗan Haya?

A unguwannin Agege da Idi-Araba da Mile 12, inda 'yan Arewa suka yi yawa a birnin Ikko, akwai wata gardama da ke tashi kusan kowace shekara. Da zarar takardar harajin gida ta iso, sai wani mai gidan ya bi ɗaki ɗaki yana cewa kowa ya kawo nasa kason. Ɗan haya kuwa, da yake neman abinci ya kawo shi kuma ba ya son fitina, sai ya zaro kuɗi ya miƙa, ko rasit ba a ba shi ba.

Abin da ke sa mutumin Arewa saurin miƙa wuya shi ne irin harajin da ya tashi ya tarar a gida. Can kan mutum ake ƙirgawa, kowane baligi da nasa, Fulani kuma su biya jangali bisa yawan shanunsu. Haka ake yi har 1979, lokacin da Gwamna Abubakar Rimi na Kano da Gwamna Balarabe Musa na Kaduna suka soke su a jihohinsu. To, harajin da ake magana a nan daban yake. Ginin ake yi wa kima, watau darajar fili da abin da aka gina a kai, ba a ƙirga masu kwana a ciki.

Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi aikin kimanta gidaje don karɓar wannan haraji. Amma a shekarar 2001 Jihar Legas ta haɗe shi da kuɗin fili da kuɗin gyaran unguwa, suka zama abu guda wanda ake rubutawa Land Use Charge a kan takarda, aka kuma ɗora nauyin biyansa a kan mai gida. A 2018, zamanin Gwamna Akinwunmi Ambode, an sake dokar aka ƙara kuɗin ƙwarai, jama'a suka yi ca, har aka rage. Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sake gyara ta a 2020. Dokar 2018 ce ta shigo da zancen mai hayar shekara 10 ko fiye, cewa shi ana iya bin sa. 

Sai dai akwai ƙofa biyu da nauyin kan biyo ya faɗo kan ɗan haya. Ta farko, dokar 2001 ta yarda idan mai gida ya ƙi biya, hukuma ta mai da ɗan haya wakilinsa, ya biya daga cikin kuɗin haya, kuma abin da ya biya an cire masa ke nan. Ta biyu ita ce takardar yarjejeniya, kuma nan ne mutane suka fi cutuwa. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta ce mai gida ke biyan harajin da doka ta ɗora masa, in dai ba a rubuta saɓanin haka a yarjejeniya ba. Wanda ya dangwala yatsa a takardar Turanci ba tare da an karanta masa ba, mai yiwuwa ya ɗaukar wa kansa kayan da ba nasa ba. Dokar ta kuma wajabta wa mai gida ba da rasit na kuɗin haya.

Su ma Hausawan da Allah ya hore wa suka sayi gidaje a Ikko, su sani takardar tasu ce, ko da suna zaune a Kano ne dillali ke karɓar musu haya. Jinkiri yana jawo tara. Masallaci da maƙabarta dai an ɗauke musu.

Mazauna Sabo ta Ibadan da ta Shagamu kuwa, dokar Legas ba ta hau kansu ba, kowace jiha da tata. Wanda aka kawo wa takarda ya kai ta fadar Sarkin Hausawa ko ofishin ƙaramar hukuma a karanta masa sunan da ke kai kafin ya taɓa aljihu.