KURMI DUKIYAR ƘASA NE: Dalilan Ƙarewarsa da Hanyoyin Tsare Shi

Jama'a da yawa a Arewa suna ɗauka cewa maganar saran kurmi magana ce ta mutanen Kudu kaɗai. Wannan kuskure ne. Kurmi shi ne dajin da manyan itatuwa suka haɗa kai har hasken rana ba ya kaiwa ƙasa sosai. Gaskiya ne mafi yawansa yana jihohin Kudu, kamar Kuros Riba da Edo da Ondo da Ogun, amma akwai tsibirai na kurmi a tsakiyar ƙasa, a bakin rafuka da cikin kwazazzabai. Ɗaya daga cikin wuraren da aka san su da wannan shi ne filin Gwagwa a Babban Birnin Tarayya, inda Idu da Karmo suke.

Abin da ya faru a Idu

A watan Fabrairu na 1976 Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta keɓe yankin Abuja, kuma ran 12 ga Disamba 1991 aka ƙaura da gwamnati daga Legas. Kafin wannan, ƙasar Idu ƙauyuka ce da gonakin doya da dawa na Gbagyi, da kurmi jefi-jefi a bakin ruwa. Tsarin birnin ya ware Idu domin masana'antu. Yau akwai kamfanoni da rumbunan ajiya da gidaje, ga kuma tashar jirgin ƙasa mai zuwa Kaduna wadda aka buɗe a watan Yuli na 2016. Duk wannan ci gaba ne, ba mai musu. Sai dai kowace hanya da kowane gini a kan ƙasa suke zaune, kuma a wurare da yawa itace ne ya ba su wuri.

A Idu ɗin nan ne kuma Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa, watau NIPRD, take. A shekarun 1990 masananta suka inganta wani haɗi na gargajiya ya zama maganin Niprisan, mai rage tashin ciwon amosanin jini. Cikin abubuwa huɗu da aka haɗa shi da su, akwai kanumfari da ganyen dawa, sauran biyun kuwa 'ya'yan kurmi ne: masoro, wanda yake yaɗo a jikin manyan itatuwa, da itacen da Yarabawa suke kira osun. Da an share kurmin da waɗannan suke fitowa kafin a bincika su, da wannan magani bai samu ba.

Me yake cinye kurmi?

Na farko, faɗaɗa gonaki. Jama'a suna ƙaruwa, ƙasar noma tana gajiya, sai manomi ya shiga daji ya yi sassabe ya sa wuta. A Kudu kuma an share kurmi mai yawa domin gonakin koko da roba da kwakwar manja.

Na biyu, saran katako. Tun zamanin Turawa ake fitar da gungumen loko da maɗaci ta tashar Sapele zuwa Turai. A shekarun baya-bayan nan masu saye daga ƙasar Sin suka yi wa madobiya ca, musamman a Taraba da Kogi, har a 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta ƙayyade cinikinsu.

Na uku, itacen girki da gawayi. Duk wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Kaduna ko zuwa Lokoja ya ga buhunan gawayi a bakin titi. Masu ƙona shi sun fi son itatuwa masu tauri, irin su ƙirya da marke da kaɗanya, waɗanda kan yi shekaru da yawa kafin su girma. Duk lokacin da kananzir da iskar gas suka yi tsada, gatari ne yake yin aiki.

Na huɗu, gine-gine, da fasa dutse, da ɗibar yashi a bakin rafi, da ƙunar daji da mafarauta suke yi da rani.

Illar da take biyo baya

Ganyen itace yana rage ƙarfin ruwan sama kafin ya faɗi, saiwoyi kuma suna riƙe ƙasa, suna ba ruwa damar nutsewa. In aka sare itatuwa, ruwa yakan gudu a sama, ya kwashe ƙasa mai albarka, ya haƙa kwazazzabo. Yashin da ya kwasa shi yake cike rafuka da madatsun ruwa, sa'an nan da damina a yi ambaliya, da rani kuma rijiyoyi su ƙafe. Mazauna Abuja su tuna cewa ruwan famfonsu daga madatsar Usuma yake zuwa, lafiyar madatsar kuwa tana tare da itatuwan da suke kewaye da ita.

Har wa yau, kurmi yana da hannu a ruwan sama. Iskar damina tana tasowa daga teku, ta ratsa kurmin Kudu kafin ta iso Arewa, itatuwa kuwa suna mai da danshi cikin iskar ta ganyensu. Ashe ke nan manomin gero a Katsina yana da rabo a kurmin da bai taɓa gani ba. Bugu da ƙari, itace yana ajiye iskar kabon a jikinsa. In an ƙone shi sai ta koma sama ta ƙara ɗumamar duniya. Shi ya sa ƙasashe suke sa ido a kan kurmin Amazon na Barazil da na ƙasar Kwango.

Akwai kuma hasarar da ba ta da magani. Goggon biri na Kuros Riba ba a samunsa ko'ina a duniya sai a kan iyakar Nijeriya da Kamaru, kuma waɗanda suka rage 'yan ɗaruruwa ne. In suka ƙare, sun ƙare ke nan.

Me za a yi?

Abu na farko shi ne tsare abin da ya rage, domin rigakafi ya fi magani. Ana iya dasa filin dalbejiya ko turare cikin 'yan shekaru, amma wannan ba kurmi ba ne. Kurmi na gaskiya, da tsirransa da dabbobinsa, aikin ɗaruruwan shekaru ne. Saboda haka Gwamnatin Tarayya ta kafa gandun daji na ƙasa a Kuros Riba a 1991, da na Okomu a Jihar Edo a 1999. A 2021 kuma Nijeriya ta sa hannu a alkawarin Glasgow na tsai da ƙarewar dazuzzuka kafin 2030. Amma doka ba ta tsare daji sai jama'ar da suke zaune kusa da shi sun ga amfaninsu a ciki.

Na biyu, mu ɗauki darasi daga maƙwabta. A yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, tun shekarun 1980 manoma suka koma ga abin da suke kira sassaben zamani. Maimakon a tumɓuke kututture, sai a bar masa tofo biyu ko uku masu ƙarfi, a aske sauran, a kiyaye su daga dabbobi. Da wannan dabara marar tsada aka mai da itatuwa, gawo da sauransu, a miliyoyin kadada, gero kuma ya ƙara albarka.

Ga abin da ake roƙon kowa ya yi:

Manomi ya bar itatuwan da suke bakin rafi, ya daina share gona da wuta.

Uwargida ta yi amfani da murhu mai tattalin itace, ko gas in da hali, ta kashe wuta da zarar an gama girki.

Mai gini da mai masana'anta su bar manyan itatuwan da suka tarar a filinsu in ba dole ba, su dasa wasu a madadin waɗanda suka sare.

Wanda ya dasa ya yi wa shukar shinge, ya shayar da ita har ta wuce rani biyu. Dashen da ba a kula da shi ba ɓata lokaci ne.

Sarakuna da dagatai da masu unguwanni su hana saran ɗanyen itace a ƙasarsu, su kai rahoton masu yi ga malamin daji mafi kusa. Malaman addini da na makaranta su riƙa tunatar da jama'a.

Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya karatu ba.