Kwalin ƙwai, matasan kujera da garejin Motown: abubuwan mamaki game da ƙaramin situdiyo

Kwalin ƙwai ba ya tare ƙara. Matasa da yawa kan bi masu shayi su tara shi, su manne bango kaf, amma maƙwabta na jin komai, janareton layi kuma yana shiga waƙa. Soson nan mai tudu-tudu ma aikinsa rage amsa-kuwwa a cikin ɗaki ne kawai. Abin da ke hana ƙara ratsa bango nauyi ne: in aka ninka nauyin bango, ƙarar da ke wucewa kan ragu da kimanin desibel 6. Shi ya sa tsohuwar katangar ƙasa mai kauri ta fi falanki nesa ba kusa ba, shi ya sa kuma wasu magina ke cika ramukan bulo da yashi.

Ƙaramar kafa kuwa ta isa ta ɓata aikin duka. Idan kashi 1 cikin 100 na bango a buɗe yake, komai kaurinsa ba zai rage fiye da desibel 20 ba. A kashe fitila da rana tsaka, a rufe ƙofa, a duba: duk inda haske ya leƙo, ƙasan ƙofa ko ramin da aka zura waya, ta nan ƙarar keke Napep za ta shigo.

Da matasan kujera aka kafa ilimin gyara sautin ɗaki. A 1895 Jami'ar Harvard ta Amurka ta ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, gyaran wani ɗakin lacca da ba a gane maganar malami saboda amsa-kuwwa. Sai shi da mataimakansa suka riƙa kwaso ɗaruruwan matasan kujera daga wani zaure da ke kusa cikin dare, su jera, a busa bututun ogan, a auna da agogo daƙiƙa nawa sauti ke yi kafin ya mutu, su mayar kafin gari ya waye. Daga nan ya fitar da lissafin da injiniyoyi ke aiki da shi har yau, ma'aunin shanye sauti ma sunansa aka sa masa.

Babbar rigimar ƙaramin ɗaki ita ce bas, wato sauti mai kauri. Sauti na gudun kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka zangon sauti mai kauri na haz 50 ya kusa mita 7, ya fi ɗakin kansa tsawo. Soso mai kaurin yatsa biyu ba abin da zai yi masa. A kusurwoyi yake taruwa, can ya kamata a cusa abu mai kauri tun daga ƙasa har silin. Ɗakin da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa suka zo daidai shi ya fi kowanne wahalar gyara.

Shiru ma in ya yi yawa matsala ne. A ɗakin gwaji na Orfield da ke Minneapolis, wanda ke shanye kusan duk sauti, mutane kan ji bugun zuciyarsu. Mawaƙi ba ya sakewa a ɗakin da aka lulluɓe ko'ina. A bar wani ɓangare na bango ya ɗan mayar da murya.

Wanda ke ganin ɗakinsa ya yi ƙanƙanta ya dubi kamfanin waƙa na Motown a Amurka. A 1959 mai kamfanin, Berry Gordy, ya sayi wani gida a Detroit, a garejinsa aka yi situdiyon da Stevie Wonder da Supremes suka naɗi waƙoƙinsu. Amsa-kuwwar da ake ji a waƙoƙin daga cikin rufin gidan ake samo ta: a aika sauti can da lasifika, a ɗauko da makirufo. Billie Eilish da yayanta Finneas kuwa a ɗakin kwanansa na gidan iyayensu a Los Angeles suka haɗa kundin waƙoƙinta na 2019, wanda ya ci Grammy a 2020, har da lambar ingancin naɗi. Wannan ya fi burge ni, domin injiniyoyin manyan situdiyo suka kayar.

Sai iska. Ɗakin da aka toshe da kyau ba ya shan iska, a zafin Afrilu na Kano kuwa ba wanda zai jure. Maganin shi ne bututun iska mai lanƙwasa biyu ko uku, a shimfiɗa masa abu mai laushi a ciki, a kafa fankar a waje.