Shanyar soson goge mota: inda ƴan lawaj ke tabka asara

Duk wanda ya bi bakin titi da hantsi a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san wuraren lawaj: samari da bokiti da tiyo, kumfar sabulu tana malala cikin rairayi, shimfiɗun mota rataye a kan igiya. Ƴan shekarun nan an samu ƙari cikin sana'ar. Wasu sun sayi mashin mai juyawa da ake liƙa wa soso zagayayye a baki, a shafa masa man goge fenti, a bi jikin mota har sai ta yi sheƙi kamar yau ta fito daga kamfani. Masu sayar da motocin hannu, da masu ɗaukar amarya, da duk mai son fita fes ranar sallah, su ne abokan cinikin wannan aiki.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne abin da ya faru da wani maƙwabcina mai sayar da motoci. Ya kai wata baƙar mota a goge masa, domin mai saye zai zo da la'asar. Ƙarƙashin rumfa motar tana walƙiya. Da aka fito da ita rana, sai ga jikinta duk zane zagaye-zagaye kamar saƙar gizo. Mai saye ya duba, ya rage kuɗi masu yawa, ciniki ya kusa watsewa. Na raka maƙwabcin nawa wurin lawaj ɗin, ina tsammanin zan tarar da ƙazanta. Sai na iske yaron mai tsabta ne, ya wanke sosonsa tas da safe. Amma ya shanya shi a kan katanga, bakin hanya, cikin rana, kabu-kabu suna wucewa suna bula masa ƙura. A wurin shanya ya ɓata aikinsa.

Mene ne wannan soso?

Uwargida, kin san shi ko da ba ki taɓa riƙe shi ba, don danginsu ɗaya da soson katifa. Sinadarin da ake yin su sunansa poliyuretan, wanda wani Bajamushe, Otto Bayer, da abokan aikinsa suka gano a shekarar 1937. Faɗin waɗanda aka fi gani milimita 125 ne ko 150. Akwai mai tauri na cire zane, akwai matsakaici, akwai mai laushi na fitar da sheƙi. Kowane kamfani da launukan da yake ba nasa, saboda haka kada a dogara da launi kaɗai.

Soson yana da fuska biyu. Ɗaya ita ke taɓa fenti. Ɗayan, wato bayansa, an liƙa mata ƙyalle mai kamawa irin na maɗaurin takalmin yara, wanda ake kira Velcro, da shi ne yake manne wa mashin. Gam ne kawai ya haɗa ƙyallen da soson. Ranar da gam ɗin ya saki, soso ya tashi aiki ko da fuskarsa sabuwa ce.

Shi kuma fentin mota, abin da ke sheƙi a samansa wani siririn shafi ne mai kamar gilashi, wanda masu fenti ke ce wa berni. Kaurinsa yawanci mikiron 40 zuwa 50 ne, bai kai silin gashin kai ba. Kowace goga tana cin wani abu daga cikinsa, kuma abin da aka ci ba ya dawowa sai an sake fenti.

Abokan gaba uku

Na farko ruwa ne. Soso yakan bushe a waje alhali cikinsa da sauran danshi. In aka ɗora shi a mashin haka, ruwan zai tsinka man gogewa, ya yi ta fantsama a gilashi da rigar mai aiki. Ga shi kuma juyawar mashin tana kawo zafi. Zafi da danshi in sun haɗu sai tsakiyar soson ta lotsa, gam ɗin baya ya yi laushi. Wani lokaci soson yakan fice daga mashin ana cikin aiki, farantin ya daki fenti.

Na biyu rana ce. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a garuruwanmu, kwanon rufi da murfin mota kuwa sun fi haka zafi nesa ba kusa ba. Hasken rana yana cin poliyuretan: ya sa shi ja, ya yi tauri, daga baya ya riƙa marmashewa. Duk macen da ta taɓa barin katifa maras riga a tsakar gida kwana da kwanaki ta ga haka da idonta.

Na uku, wanda ya fi su ɓarna a ƙasarmu, shi ne ƙura. Jiƙaƙƙen soso yana kama ta kamar yadda danƙo ke kama tsuntsu. Ƙwayar rairayi ta fi gilashi tauri, balle berni. Ƙwaya ɗaya in ta maƙale a soson da ke juyawa sau 1000 ko fiye a minti guda, ta isa ta zana murfin mota gaba ɗaya. Samarinmu suna koyon sana'ar ta hotunan bidiyo a salula, amma masu yin bidiyon a rufaffen garaji suke, ba su san hazon Janairu ba.

Yadda ya kamata a shanya

Matan da ke sayar da busasshen zogale sun riga kowa sanin dabarar. Kuɓewa da tattasai da tumatir rana suke so, amma ganyen zogale a inuwa ake shanya shi in ana son ya fito kore shar. To, soson goge mota ɗan gidan zogale ne.

Bayan an wanke shi da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulun ruwa, a ɗauraye har sai ruwan ya fito garau. Kada esans ko gazuwal ko jabel su taɓa shi, suna kashe gam da soson baki ɗaya.

Sai a matse shi tsakanin tafin hannu biyu. Ba a murɗa shi kamar tsumma, murɗawa tana yaga shi daga ciki, tana ɓamɓare ƙyallen baya. Daga nan a sa shi cikin sarbeti mai tsabta, a naɗe, a danna sosai. Sarbetin zai shanye mafi yawan ruwan.

Mai mashin yana iya liƙa shi, ya zura cikin bokitin da babu kome, ya kunna a mafi ƙarancin gudu na ƴan daƙiƙu, sauran ruwan ya fice. A yi hattara: hannu ya zama busasshe, ƙafa ba cikin ruwa ba, don kuran ba ya wasa da danshi.

Wurin ajiyewa, a kife shi: fuska ƙasa, ƙyallen baya sama. Haka ruwa zai gangara ya bar gam. A ɗora shi a kan abin da iska ke ratsawa, kamar ragar waya mai tsabta maras tsatsa ko kwandon roba, a cikin ɗaki ko shago. Ba a ƙasa ba, ba a kan kwano ba, ba kusa da murhun mai shayi ko bututun janareto ba. Kada a maƙale shi da abin shanyar tufafi, yana barin lotsawa a gefensa.

Maganin ƙura kuwa yana cikin kowane gida: guntun tsohon sange wankakke. A lulluɓe kwandon da shi, iska ta shiga, manyan ƙwayoyin rairayi da ƙudaje su tsaya waje. In iskar hunturu ta taso sosai, sai a rufe tagar da ke fuskantar gabas.

Kafin a yi aiki da shi, a danna tsakiyarsa da ƙarfi a kan farar takarda. In ta nuna danshi, bai yi ba. In ya bushe, a sa shi cikin leda mai tsabta, mai tauri daban, mai laushi daban. Wanda ya faɗi ƙasa ko sau ɗaya, sai an sake wanke shi.

Kowane lokaci da halinsa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska busasshiya ce, soson da aka wanke da yamma yakan bushe kafin safiya, sai dai a tsare shi daga ƙura. Da bazara inuwa ce abin nema. Da damana, musamman watan Agusta, yana iya cin yini biyu, kuma in aka ƙulle shi a leda da danshi zai yi fumfuna da wari. A nan fanka tana taimakawa. Iska ake bukata, ba a ƙara masa zafi.

Lissafin ɗan kasuwa

Babu kamfanin da ya sa wannan soso a hannun yaro kyauta. Daga waje ake kawo shi, ta Kano ko ta tashoshin ruwa. Tun da aka rufe iyakar Gaya a 2023, kaya da yawa suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin dako ya ƙaru. Abin da aka sha wahala aka kawo bai kamata rana ta cinye shi a kan katanga ba.

Dalilin da ke sa yaro gaggawar shanya a rana shi ne soso ɗaya gare shi, ga mota tana jira. Ƙwararrun wannan sana'a sukan ba da shawarar soso 4 zuwa 6 domin mota guda, a riƙa sauyawa in ɗaya ya cika da mai. Ko ba a kai haka ba, mai lawaj ya daure ya tanadi kashi biyu: na aikin yau da na shanya. A wanke da yamma bayan an tashi, a yi aiki da shi gobe ko jibi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu shagon kayan mota, ku ma da naku. Soson da aka rataye a ƙofar shago babu leda, rana da ƙura suna dukansa, ya tsufa tun ba a saye shi ba. Ku ajiye shi ciki, cikin ledarsa, kuma ku gaya wa mai saye yadda ake shanya shi. Wanda kayanka ya yi masa ƙarko shi ke dawowa, har ya kawo wani.

Alhaji da Hajiya masu mota, kafin ku ba da makulli, ku ce a nuna muku soson, ku tambayi inda ya kwana. Ku shafa shi da hannu: in da danshi ko kuka ji tsakuwa, ku haƙura da gogar ranar. In an gama kuma, a fito da motar rana ku duba kafin ku biya.

Yaron da na ba ku labarinsa, na sake bi ta wurinsa bayan sallah. Na iske kwandon roba a rataye cikin shagon maigidansa, an lulluɓe shi da sange, soso uku a kife a ciki. Allah ya sa wa nema albarka, ya tsare mu da asara.