Ba Kowane Ƙullutun Wuya Ne Maƙoƙo Ba

A Kasuwar Laranto da ke Jos, inda ake cinikin katako da hatsi, in aka ga mutum da kumburi a wuya sai a ce maƙoƙo ne. Mutanen Filato sun san maƙoƙo tun da daɗewa, domin ƙarancin sinadarin aidin a abinci, abin da ya sa Nijeriya ta wajabta zuba aidin a gishiri a 1993. To amma akwai wani ciwon da gishiri ba ya maganinsa.

A bayan tsokar da kan kumbura ta zama maƙoƙo akwai wasu 'yan ƙwayoyi 4, kowace kamar ƙwayar shinkafa, waɗanda likitoci ke kira paratayirod. Wani ɗalibin likita a Suwidin, Ivar Sandström, shi ya gano su a jikin mutum a 1880. Aikinsu daidaita kalsiyam, watau sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi.

Sankara takan kama ɗaya daga cikinsu, amma ba kasafai ba: cikin mutum 100 da ƙwayoyin nan suka yi wa aiki fiye da kima, da wuya a sami 1 mai sankara. In ta kama, sai ƙwayar ta riƙa kwashe kalsiyam daga ƙashi tana zubawa cikin jini. Daga nan sai ciwon ƙashi, da karaya a kan ɗan tuntuɓe, da tsakuwa a ƙoda, da ƙishirwa da yawan fitsari, da kasala. Wani kuma muryarsa ta dushe, a ji ƙullutu mai tauri a wuyansa.

Maganinta tiyata ce, a cire ƙwayar ɗungurungum tare da gefen tsokar da take manne da ita. Aikin farko shi ne babbar dama, gama in aka bar saura takan dawo. Tsagar wanzami kuwa ɓata lokaci ce kawai.

Saboda haka 'yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan, in saƙo ya zo daga gida cewa Baba na fama da ciwon ƙashi da fitsari, kada a tsaya ga aika kuɗin jiƙo. A sa a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, a roƙi likita ya auna kalsiyam na jininsa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.